Waiwaye: Yadda danne abokin zama ya zama laifi a Ingila, da hujjojin wanda ake tuhuma

Har yanzu ƙura ba ta lafa ba a Ingila kan dokar 2015 da ta haramta danne abokin zama, wato mallake rayuwar miji, mata ko masoyi ta hanyar takura da tsoratarwa. Wasu na cewa an mayar da saɓanin harshe da haƙori laifi, wasu na kukan cewa ƙararraki kaɗan ne ke kaiwa ga hukunci. Kowane ɓangare na magana kamar a 2015 aka faro, alhali zancen ya girmi haka.

Matakan farko sanannu ne. A 1991 babbar kotun ƙasar ta yanke cewa igiyar aure ba ta wanke mijin da ya yi wa matarsa fyaɗe. A 1997 aka yi dokar hana bibiya da takura wa mutum. A 2007 Evan Stark, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya jawo hankali cewa hana mace kuɗi, raba ta da danginta da sa ido kan motsinta kan fi duka illa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne wani hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2010. An kama wani mutum da laifi a ƙarƙashin dokar 1997, bisa abubuwa shida da suka faru tsakaninsa da abokiyar zamansa cikin wata tara. Kotun ta soke hukuncin. Dalilinta shi ne ɓarkewar fushi ce jefi-jefi, daga ɓangarorin biyu, kuma tsakanin wannan rigima da waccan akwai dogon zaman ƙauna. Alƙalan dokar da ke gabansu suka bi, ita kuwa an tsara ta ne domin baƙon da ke bin mutum a titi, ba wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi ba. A ganina nan ne komai ya juya. Ranar aka gane cewa "ai jiya muna dariya tare" na iya zama hujja mai ƙarfi a kotu, alhali duk wadda ta taɓa zama a irin wannan gida ta san lallashin kan zama wani ɓangare na igiyar da aka ɗaure ta da ita.

Wannan giɓi ne sashe na 76 na dokar manyan laifuka ya zo cikewa, ya fara aiki ranar 29 ga Disamba, 2015, da hukuncin da zai iya kai shekara 5 a gidan yari. Daga Afrilu 2023 kuma ya shafi har waɗanda suka rabu kuma ba sa zama gida ɗaya.

Sai dai wanda ake tuhuma bai rasa bakin magana ba, kuma bai kamata ya rasa ba. Dole masu gabatar da ƙara su nuna halin ya maimaitu, kuma ya yi mummunan tasiri: ko tsoron duka aƙalla sau biyu, ko tashin hankalin da ya dagula harkokin yau da kullum. Dole su nuna ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa halin nasa zai yi wannan tasiri. Yana kuma iya cewa ya yi imani alheri yake nema wa abokin zamansa, kuma abin da ya yi bai wuce hankali ba, kamar mai jinyar matar da ƙwaƙwalwarta ta taɓu da ke hana ta fita ita kaɗai. Wannan ƙofa a rufe take idan tsoron duka ya shigo ciki.

Yau wayar salula ce filin dagar. Lauyan mai kare kansa na zaro saƙonnin soyayya da hotunan yawon shaƙatawa, masu ƙara na zaro saƙon "ina kike?" da aka turo sau ba adadi cikin dare ɗaya. Tambayar da aka yi a 2010 ce dai ake sake ajiyewa gaban masu taya alƙali hukunci, sai dai yanzu doka ta ba su damar duba zaman gaba ɗayansa.