Fina-finan leƙen asiri a injin pinball

Pinball wasa ne na inji, ana buga 'yar ƙwallon ƙarfe a kan tebur mai gangare da aka rufe da gilashi, ɗan wasa na danna maɓallai biyu na gefe don kar ƙwallon ta zurma rami. Manyan kamfanonin da suka yi suna a harkar a yankin Chicago suke a Amurka, kuma tun wajajen 1990 suka koma sayen lasisin fina-finai suna ɗorawa a injin, balle da injin fim ɗin The Addams Family na 1992 ya sayar da sama da 20,000. Daga nan masoya wasan suka ɗauki ɗabi'ar hasashen wane fim ne zai biyo baya.

Tarihi

A ɓangaren leƙen asiri dai James Bond ne ya mamaye wajen. Kamfanin Gottlieb ya fitar da nasa a 1980, amma ya zo da wani tsari na daban, maimakon a ƙirga maka ƙwallaye sai a ba ka lokaci, in ya ƙare shikenan, 'yan wasa kuwa ba su so hakan ba sam. Kamfanin Sega ya biyo da GoldenEye a 1996, shekara ɗaya bayan fim ɗin mai wannan suna da Pierce Brosnan ya fito a matsayin Bond. Austin Powers na kamfanin Stern ya fito a 2001, kodayake wannan barkwanci ne, shaguɓe yake wa Bond ɗin kansa.

Wanda ya fi cika ido shi ne na Stern a 2022, George Gomez ne ya tsara shi, aka koma zamanin jarumin Bond Sean Connery gaba ɗaya, aka fitar da injin samfuri uku, kowanne da zanen wani fim nasa: Pro da zanen Dr. No, Premium da You Only Live Twice, sai Limited Edition da Thunderball guda 1,000 kacal. Akwai kuma na cikar fina-finan Bond shekara 60 da Keith Elwin ya tsara, guda 500.

Hasashe

Sunayen da ake yawan jefowa su ne Mission: Impossible da Bourne, wasu kuma na jiran a dawo da zamanin Roger Moore, wani jarumin Bond ɗin. Galibi lasisi ne ke yanke hukunci, don izinin fim daban, na fuskar jarumi daban, kiɗa ma sai an biya. Tun 2025 kamfanin Amazon MGM ne ke riƙe da ragamar fina-finan Bond.