Waiwaye: Asalin Ginshiƙan Bangaskiyar Kiristoci Masu Bishara

Ikilisiyoyin da ake kira na masu bishara, waɗanda duniya ta sani da suna Ibanjelika, suna da al'adar rubuta abin da suka gaskata a taƙaice, su sa shi a kundin tsarin ikilisiya, su kuma buƙaci fasto ko malamin makarantar tauhidi ya amince da shi kafin a ba shi aiki. Abubuwan da ke cikin irin wannan rubutu ba su da yawa. Akwai Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, akwai allahntakar Yesu Kristi da haihuwarsa ta wurin budurwa, akwai faɗuwar ɗan Adam cikin zunubi, da mutuwar Yesu a kan gicciye a madadin masu zunubi, da tashinsa cikin jiki, da ceto ta wurin alheri da bangaskiya, da dawowarsa domin shari'a. Yawancin waɗannan tsofaffin koyarwa ne da Katolika da Otodoks ma suke riƙe da su tun babban taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Nikiya a shekarar 325. Abin da ya bambanta rubutun masu bishara shi ne wurin da suke ajiye maganar Littafi Mai Tsarki: tsohuwar shaidar bangaskiya ta Nikiya da Allah Uba ta fara, su kuwa sau da yawa da ikon Littafi suke farawa. Wannan tsari yana da dalili, domin kusan duk wata babbar gardama da ta raba kan wannan jama'a a cikin shekaru 150 da suka wuce a kan wannan batu ta tsaya.

Saiwar al'amarin tana cikin gyaran ikilisiya na ƙarni na 16. A shekarar 1517 Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 a garin Wittenberg na Jamus yana sukar sayar da takardun gafara, kuma daga wannan rikici aka samu koyarwa biyu da suka zama gado ga dukan 'yan Furotesta: cewa ana baratar da mai zunubi, wato Allah yana karɓarsa a matsayin mai adalci, ta wurin bangaskiya kaɗai, kuma Littafi Mai Tsarki ne alƙali na ƙarshe a kan paparoma da majalisun ikilisiya. Sai dai zafin da aka san masu bishara da shi daga farkawar ƙarni na 18 ya zo. Jonathan Edwards ya ga jama'a suna tuba tururuwa a Northampton ta Amurka a 1734 da 1735, John Wesley ya sami tabbacin cetonsa a wani taro a Landan a 1738, George Whitefield kuma ya riƙa wa'azi a fili ga dubban mutane a Ingila da Amurka. Wesley da Whitefield sun yi saɓani mai tsanani a kan ƙaddara da zaɓen Allah, amma bakinsu ɗaya a kan cewa haihuwa a gidan Kirista da baftismar jariri ba su isa ba, dole kowane mutum ya tuba da kansa ya sami sabuwar haihuwa. Daga nan wannan koyarwa ta shiga jinin tafiyar, kuma ita ce dalilin da ya sa har yau ake tambayar mai bi yaushe ya karɓi Yesu.

A 1846 wakilai kusan 800 daga ɗarikoki dabam-dabam suka taru a Landan suka kafa ƙungiyar haɗin kan masu bishara, suka rubuta batutuwa 9 da za su tsaya a kai. Na farko shi ne cewa Littafi hurarre ne daga Allah, yana da iko, kuma ya wadatar. A lokacin babu wanda ya ga bukatar dogon bayani a kan wannan, domin abokan gardamarsu na kusa Katolika ne, da masu musun Allah Uku Cikin Ɗaya.

Rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ne ya canza fagen. Charles Darwin ya wallafa nazarinsa a kan asalin halittu a 1859, abin da ya jefa tambaya a kan surorin farko na Littafin Farawa. Abin da ya fi wannan girgiza makarantun tauhidi shi ne sabon salon binciken Littafi da ya taso a jami'o'in Jamus, inda malamai irin su Julius Wellhausen suka ce littattafai biyar na Attaura an harhaɗa su ne daga rubuce-rubuce dabam-dabam ɗaruruwan shekaru bayan Musa. Wasu suka wuce nan, suka ɗauki mu'ujizai a matsayin tatsuniyar mutanen dā, suka ce jigon Kiristanci shi ne kyawawan halaye da ƙaunar maƙwabci. Ya kamata a lura cewa waɗannan malamai ba daga waje suke jifa ba: fastoci ne da furofesoshi da ke cikin ikilisiya, suna horar da fastocin gobe, kuma wannan ne ya sa masu riƙe da tsohuwar koyarwa suka ji wutar ta kama a cikin gida.

Amsa mafi nauyi ta fito daga makarantar tauhidi ta Princeton da ke Amurka. A 1881 A. A. Hodge da B. B. Warfield suka rubuta wata maƙala da ta zama madogara har yau, inda suka ce hurarwar Ruhu Mai Tsarki ta kai har ga kalmomin Littafi, don haka rubutun asali da ya fito daga hannun annabawa da manzanni ba shi da kuskure. Sun yarda cewa masu kwafa da masu fassara suna iya kuskure, sun kuma yarda cewa kowane marubuci ya yi amfani da harshensa da salonsa, wato ba shifta aka yi masa ba. Masu suka suka ce wannan mafaka ce kawai, tunda babu wanda yake da rubutun asalin a hannu. Magoya baya suka amsa da cewa yawan tsofaffin kwafe-kwafen da ake da su ya isa a gane abin da asalin ya ce a kusan ko'ina. Mai karatu Musulmi zai amfana da sanin wannan bambanci, domin abin da masu bishara suke nufi da hurarwa bai yi daidai da yadda Musulunci yake bayanin saukar wahayi ba.

A 1910 babban taron ikilisiyar Firesbiteriya ta arewacin Amurka ya zayyana koyarwa 5 da ya ce dole mai neman zama fasto ya amince da su: rashin kuskuren Littafi, haihuwar Yesu ta wurin budurwa, mutuwarsa ta fansa a madadin masu zunubi, tashinsa cikin jiki, da gaskiyar mu'ujizansa. Wanda ya duba jerin da kyau zai ga babu maganar Allah Uku Cikin Ɗaya a ciki, babu kuma barata ta wurin bangaskiya, duk da cewa waɗanda suka rubuta shi sun gaskata da su ƙwarai. An zaɓi biyar ɗin ne saboda su ake kai wa hari a lokacin. A ganina wannan shi ne mabuɗin fahimtar dukan irin waɗannan takardu: kowace an rubuta ta ne a tsakiyar wata takamaiman gardama, kuma wanda ya karanta ta ba tare da sanin gardamar ba zai iya ɗaukar shinge a matsayin gonar gaba ɗaya. A 1910 ɗin kuma wasu 'yan'uwa biyu masu arzikin man fetur a Kalifoniya, Lyman da Milton Stewart, suka fara ɗaukar nauyin buga jerin littattafai 12 masu ɗauke da maƙaloli 90 a kan ginshiƙan bangaskiya, aka raba kwafi kusan miliyan 3 kyauta ga fastoci da 'yan mishan da malamai daga 1910 zuwa 1915.

Shekarun 1920 na faɗa ne a fili. Harry Emerson Fosdick ya yi wa'azi a New York a 1922 yana roƙon a bar wa masu sabon ra'ayi wuri a cikin ikilisiya, J. Gresham Machen na Princeton ya mayar da martani a 1923 cewa sabon ra'ayin wani addini ne dabam da ya ari kalmomin Kiristanci. A 1925 aka yi shari'ar malamin makaranta John Scopes a Dayton ta jihar Tennessee saboda koyar da ra'ayin Darwin, kotu ta same shi da laifi, amma jaridu suka mai da masu tsohuwar koyarwa abin dariya. Machen ya bar Princeton a 1929 ya kafa makarantar Westminster a Philadelphia. Da yawa suka fice daga manyan ɗarikoki suka gina nasu makarantun Littafi da gidajen rediyo da ƙungiyoyin mishan, suka kuma ɗauki keɓewa daga duk wanda bai yarda da su ba a matsayin wajibi. A cikin wannan zamani ne koyarwar fyaucewa, wato cewa Yesu zai ɗauke masu bi daga duniya farat ɗaya, da ta rarraba tarihi zuwa zamanai, wadda John Nelson Darby ya yaɗa kuma Littafi mai sharhin Scofield na 1909 ya kai gida-gida, ta yi ƙarfi har wasu suka sa ta cikin ginshiƙai, alhali masu bishara da dama, ciki har da Warfield da Machen, ba su taɓa karɓarta ba.

Wani sabon rukuni ya ga keɓewar ta yi yawa. A 1942 suka kafa ƙungiyar masu bishara ta ƙasar Amurka a St. Louis, daga baya suka amince da batutuwan bangaskiya 7, a 1947 aka buɗe makarantar Fuller, Carl Henry kuma ya zargi 'yan'uwansa da yin shiru a kan talauci da wariyar launin fata. Billy Graham, wanda sunansa ya fito bayan taron wa'azinsa na Los Angeles a 1949, shi ya zama fuskar wannan rukuni, kuma da ya yarda ya yi aiki da manyan ɗarikoki a taron New York na 1957, masu tsattsauran ra'ayi suka juya masa baya. Koyarwar ɓangarorin biyu kusan ɗaya ce, a kan wanda ya halatta a yi zumunci da shi ne suka rabu.

Ƙasarmu Nijeriya ta shigo wannan tarihi tun da wuri. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a Disamba 1893 da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, wato yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa. Gowans da Kent sun rasu a 1894, Bingham ya koma, sai a 1902 mishan ɗin da aka sani da SIM ya kafu a Patigi. Karl Kumm na wani mishan mai suna SUM ya iso Wase a 1904. Waɗannan mishan ba na ɗarika ɗaya ba ne, suna ɗaukar ma'aikata daga Baftis da Firesbiteriya da sauransu, saboda haka gajeriyar takardar bangaskiya ce igiyar da ta ɗaure su, kuma ita suka bar wa ikilisiyoyin da suka haifa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ikilisiyar ECWA da SIM ta haifa ta tsaya da ƙafafunta a 1954, tarayyar ikilisiyoyi ta TEKAN ta biyo a 1955, a Nijar kuma SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924 ta buɗe asibitin Galmi a 1950.

Mutumin da ya kai muryar wannan yanki tsakiyar muhawarar duniya shi ne Byang Kato, ɗan ƙasar Kwoi a kudancin Kaduna, wanda aka haifa a 1936. Ya zama babban sakataren ECWA a 1967, ya yi digirin digirgir a makarantar tauhidi ta Dallas, a 1973 kuma aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska. Tambayar da ta dame shi ta bambanta da ta Princeton. Manyan malamai irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya suna nuna darajar addinan gargajiya na Afirka a matsayin hanyar sanin Allah, Kato kuwa ya ji tsoron cewa wannan zai kai ga gauraya addinai da kuma cewa kowa zai tsira ko da bai gaskata da Yesu ba. Ya yarda cewa kakanninmu sun san akwai Mahalicci, ya kuma goyi bayan a yi sujada da harshe da kiɗa da tufafin gida, amma ya tsaya a kan cewa ceto ta wurin Kristi kaɗai yake. An zarge shi da kwafo ra'ayin Amurkawa, kuma akwai wuraren da ya tsananta wa abokan gardamarsa fiye da kima. Duk da haka ina ganin zargin bai yi masa adalci ba, domin shi ya taso ne a cikin addinin gargajiyar da ake magana a kai, ya san tsoron da ke ciki da idonsa. Ya rasu a teku kusa da Mombasa a Disamba 1975 yana da shekara 39, kafin ya samu damar faɗaɗa tunaninsa.

Kato yana cikin waɗanda suka yi jawabi a taron Lausanne na ƙasar Suwizalan a Yuli 1974, inda mutane kusan 2,700 daga ƙasashe kusan 150 suka hallara. Alkawarin da aka fitar, wanda John Stott na Ingila ya jagoranci tsara shi, ya ce Littafi ba shi da kuskure a cikin dukan abin da yake tabbatarwa, ya kuma ce wa'azin bishara da neman adalci a cikin al'umma duka aikin Kirista ne. Wannan sashe na biyu ya shiga ne da matsin wakilan Latin Amurka irin su René Padilla da Samuel Escobar. A Amurka kuwa wasu sun ga kalmomin Lausanne sun bar ƙofa a buɗe, musamman da yake makarantar Fuller ta riga ta cire maganar rashin kuskure daga takardarta. Saboda haka a Oktoba 1978 malamai fiye da 200 suka taru a Chicago suka fitar da sanarwa mai sassa 19, wadda ta ce rashin kuskuren ya shafi tarihi da abin da Littafi ya faɗa game da halitta, tare da yarda cewa ƙididdiga ta kusan-kusan da salon magana na yau da kullum ba kuskure ba ne. Shekara guda bayan haka masu wannan ra'ayi suka ci zaɓen shugabancin ɗarikar Baftis ta Kudu, mafi girma cikin 'yan Furotesta na Amurka, kuma a 2000 ɗarikar ta rubuta cewa maza ne kaɗai za su riƙe muƙamin fasto.

Daga nan gardamar ta koma kan abin da ikon Littafi yake nufi a aikace. Batun naɗa mata ya raba masu bishara da suke karanta ayoyi iri ɗaya da girmamawa iri ɗaya. Batun auren jinsi ya tsaga ɗarikar Anglika, inda Akbishop Peter Akinola na Nijeriya ya kasance cikin jagororin taron Urushalima na 2008 da ya ƙi bin ikilisiyoyin Amurka da Kanada. A Afirka kuwa abin da ya fi matsa wa fastocin tsofaffin ikilisiyoyi lamba shi ne wa'azin wadata, mai alkawarta dukiya da lafiya ga wanda ya ba da baiko da bangaskiya, domin masu yin sa suna amincewa da kowane layi na takardar bangaskiya, suna kuma kafa hujja da ayoyi. Babban taron Lausanne na uku da aka yi a Cape Town a 2010 ya ƙi wannan koyarwa a rubuce, ya ce ta saɓa wa bishara, sai dai takardun bangaskiya da aka gada daga 1846 da 1910 ba su ce komai a kanta ba, tunda ba a san ta ba lokacin da aka rubuta su.