Ma'anar GPS: Abu Uku Ne Muke Kira Da Suna Ɗaya

Ma'aikaci ya makara wajen ganawa, an tambaye shi dalili, sai ya ce, "Wallahi GPS ne ya ɓatar da ni." Maganar ta zama ruwan dare a bakin duk mai aikin da ke kai shi wuraren da bai sani ba: ɗan aike, injiniya mai gyara, wakilin kamfani, har da mai zuwa jarrabawar neman aiki. Amma in ka bi diddigi, sau da yawa GPS bai yi laifin komai ba. Abin da muke kira da wannan suna abubuwa uku ne da aka cusa cikin waya ɗaya, kuma amincinsu ba ɗaya ba ne. Akwai mai gaya maka inda kake, akwai taswira, akwai kuma mai zaɓar hanya da ƙiyasta lokaci. Na farkon ne kaɗai GPS na ainihi.

Haruffan uku gajarta ce ta wasu kalmomin Turanci masu nufin tsarin gano matsayi a doron duniya. Mallakar gwamnatin Amurka ne, kuma domin sojoji aka fara ƙirƙirarsa. Ma'aikatar tsaron ƙasar ta ƙaddamar da aikin a 1973, aka harba tauraron ɗan'adam na farko a 1978, sannan a 1995 aka ayyana cewa tsarin ya kammala da taurari 24. Yau akwai kimanin 30 da ke aiki, suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana.

Aikin kowane tauraro abu ɗaya ne tak. Dare da rana yana watso saƙo: ni ne wane, ga inda nake, ga kuma lokacin da na aiko wannan saƙo. Wayarka takan karɓa, ta duba tsawon lokacin da saƙon ya yi a hanya, daga nan ta lissafa nisan da ke tsakaninta da tauraron. Idan ta samu saƙon taurari huɗu, ta san inda take. Uku sun isa a fitar da wurin, na huɗun kuwa shi ke gyara kuskuren agogon wayar, domin agogonta bai kai ƙafar na taurarin ba. Su agogon atam suke ɗauke da shi, wato agogo mai matuƙar daidaiton lokaci, kuma dole ne, saboda saƙon yana gudu da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan kawai zai iya kautar da kai mita 300 daga inda kake. Har bambancin tafiyar lokaci tsakanin sama da ƙasa, wanda Albert Einstein ya yi bayaninsa, sai da aka sa shi cikin lissafi, domin agogon da ke can yana riga na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana. Ni dai duk sanda na tuna wannan nakan jinjina wa masu ilimin da suka haɗa abin.

A lura da wani abu a nan. Waya saurare kawai take yi, ba ta aika wa tauraro komai. Tauraron bai san da kai ba, bai san sunan titi ba, bai san akwai gada ko rami a gabanka ba. Kuma ba ya buƙatar intanet. Ko data ta ƙare, wayarka ta san matsayinta, abin da ta rasa shi ne hoton titunan da za ta ɗora ɗigon da ke nuna inda kake a kai.

Farar hula sun samu shiga ne bayan wani bala'i. A 1983 Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinja na Koriya ta Kudu da ya kauce hanya ya shiga sararin samaniyarta, mutum 269 suka rasu. Bayan haka Shugaba Ronald Reagan ya ce za a buɗe tsarin ga kowa idan ya kammala. Duk da haka sojoji sun riƙa rage ingancin siginar farar hula da gangan, kuskure yakan kai mita 100, har sai da Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina a watan Mayu na 2000. Yanzu wasu ma suna da irin wannan tsarin nasu: Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou, kuma wayoyin zamani sukan haɗa su duka. Sunan GPS ne dai ya bi bakin mutane.

Shi ma tauraro yana da inda yake gazawa, amma wuraren sanannu ne. Tsakanin dogayen gine-gine sigina takan daki bango ta dawo kafin ta iso waya, sai ɗigonka ya tsallaka titin da ke kusa. A cikin titi ko wurin fakin na ƙarƙashin ƙasa takan ɓace gaba ɗaya. Sannan waya ba ta ƙware wajen gane tsayi ba, shi ya sa takan rikice tsakanin gadar sama da titin da ke ƙarƙashinta.

Abu na biyu, wato taswira, nan ne yawancin matsalar ma'aikaci take. Taswira aikin mutane ce. Google Maps, wadda ta fito a 2005, da Apple Maps da Waze da OpenStreetMap, duk da bayanan da wani ya tattara ya shigar suke aiki, wasu ma'aikata ne, wasu masu sa-kai, wasu kuma masu wurin ne da kansu. Abin da mutum ya shigar kuwa yakan tsufa. Ofis ya tashi ya koma wani gini, tsohon adireshin yana nan. An rufe titi don gyara jiya da dare, taswira ba ta ji ba tukuna. Tituna biyu masu suna ɗaya a gefe biyu na birni. Kamfani mai reshe biyar, ka danna na farkon da ya fito.

Wanda ya fi cin mutane shi ne babban wuri mai katanga, kamar masana'anta ko asibiti ko jami'a. Sau da yawa alamar wurin tana tsakiyar filin ne, ba a bakin ƙofa ba. Manhaja za ta nemi titin da ya fi kusa da wannan alama, ta kai ka bayan katanga, ta ce ka iso. A lissafinta gaskiya ta faɗa. Kai kuwa ga ginin kana gani, ƙofar shiga tana can ɗaya ɓangaren, zagayen minti goma, kuma ana jiranka. Na taɓa tsayawa haka a bayan wani kamfani ina kallon agogo, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, da na yi kiran waya ɗaya tun da dare kafin ranar, da ya raba ni da wannan.

Na uku shi ne mai zaɓar hanya da faɗin lokacin isowa. Wannan hasashe ne, ba alkawari ba. Manhajar takan duba saurin da wayoyin sauran direbobi ke tafiya a kan titin yanzu, ta haɗa da yadda titin ya saba kasancewa a irin wannan sa'a, ta fitar da adadi. Yakan zo daidai sosai, shi ya sa muke sakin jiki. Amma haɗarin da zai faru bayan ka tashi ba ya cikin lissafin. Kuma lokacin da ta nuna na isa bakin titi ne. Neman wurin fakin, tambayoyin masu gadi, rubuta suna a littafin baƙi, jiran lif, neman lambar ofis a hawa na shida, babu ko ɗaya a ciki. Wanda aka ba ƙarfe 10:00, manhaja ta nuna masa 9:58, ya riga ya makara.

Akwai kuma abin da dogaro ke yi wa kan mutum. A 2000 Eleanor Maguire ta University College London ta nuna cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda ke shafe shekaru suna haddace titunan birnin kafin a ba su lasisi, wani ɓangare na sashen ƙwaƙwalwarsu mai kula da tuna wurare ya fi na sauran mutane girma. A 2017 wani bincike a jami'ar ya nuna cewa wannan sashe yana motsawa idan mutum na zaɓar hanya da kansa, amma yakan lafa idan umarni kawai yake bi. Wannan ya yi daidai da abin da direbobi da yawa suka sani a jikinsu: ka je wuri sau biyar da waya, ran da caji ya mutu ka kasa kai kanka.

Ban ce a ajiye waya ba, ni ma ba zan ajiye ba. Abin da nake ganin ya dace shi ne a ba kowane ɓangare yarda gwargwadon ƙarfinsa. Ɗigon da ke nuna inda kake, ka amince da shi in kana fili. Taswira kuwa sai an tantance, kuma matambayi ba ya ɓata: ka kira wanda za ka gani tun kafin ranar, ka tambaye shi ta wace ƙofa ake shiga, ina baƙi ke fakin, wace alama ce a kusa. In zai iya, ya turo maka alamar wurin daga wayarsa yana tsaye a bakin ƙofar, ta fi rubutaccen adireshi. Ka buɗe hanyar gaba ɗaya ka dube ta kafin ka tada mota, ka riƙe sunan manyan tituna biyu ko uku a ka, ka sauke taswirar yankin a waya don kada rashin sabis ya tsayar da kai, ka riƙe caja a mota.

Idan kuma ana cikin tafiya manhaja ta ce ka yi kwana, allon titi ya ce an hana, allon za ka bi. In ta rikice, ka samu wuri ka faka sannan ka taɓa wayar, ka kira wanda ke jiranka ka gaya masa inda kake da mintin da kake ganin zai ɗauke ka.