Waiwaye: Raunin ji da ciwon sikizofireniya

Tun farkon ƙarni na 20 likitan ƙwaƙwalwa na Jamus, Emil Kraepelin, ya lura cewa wasu masu raunin ji kan shiga zargin ana ƙulla musu sharri. Ba abin mamaki ba ne. Mutum yana zaune cikin jama'a, yana ganin leɓuna na motsi, ana dariya, shi bai ji komai ba, sai zuciyarsa ta raya masa da shi ake.

A 1961 Kay da Roth na Ingila suka bibiyi tsofaffin da wani nau'in sikizofireniya, wato ciwon ƙwaƙwalwa da kan sa mutum zargi marar tushe da jin muryoyin da babu su, ya kama bayan girma ya zo, suka tarar kusan kashi 40 cikin 100 ba sa ji sosai. Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Philip Zimbardo, a 1981. Ya sa aka rage wa wasu ɗalibai lafiyayyu ji na ɗan lokaci ta hanyar hifnosis, wato sa mutum cikin yanayi mai kama da barci ya karɓi abin da aka faɗa masa. Waɗanda ba su san jinsu ya ragu ba, nan da nan suka fara fushi da zargin abokan zamansu. Daga baya, a 1995, nazarin bayanan matasa kusan 50,000 da aka tantance don aikin soja a Suwidin ya nuna masu tsananin raunin ji sun fi kamuwa da sikizofireniya.

Sai dai duk tsawon shekarun nan tambaya ɗaya aka fi yi: shin kurumta na jawo ciwon? Wanda ya riga ya kamu kuwa, ba kasafai ake leƙa kunnensa ba. Wannan na damuna ƙwarai. Likita ya yi tambaya, majinyaci ya sunkuyar da kai ko ya ba da amsar da ba ta dace ba, sai a rubuta cewa ciwo ne ya ƙaru, a ƙara magani. A gida ma a ce ya daina kula mutane. Alhali wani lokacin datti ne ya toshe kunnen, ko tsohon ciwon kunne mai zubar da ruwa tun yarinta. Tunda an san shi da jin muryoyin da babu su, ba a kawo wa rai cewa muryar mahaifiyarsa ce ba ta isa gare shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kimanin mutum miliyan 24 ne ke da ciwon sikizofireniya. Gwajin ji ba ya ɗaukar lokaci, kuma na'urar ƙara ji na taimaka wa da yawa daga masu raunin.