Manhajar Tashi a Ƙananan Allunan Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi

Me ke faruwa daga ba wa allo wuta zuwa tashin Linux?

A cikin ƙwaƙwalwar allon akwai ɗan shiri da masana'anta suka dasa a ROM, ba ya goguwa. Aikinsa shi ne ya nemo mataki na gaba a wani ƙayyadadden wuri cikin katin SD, eMMC (ma'ajiyar da ke manne a allon) ko filashin SPI. A lokacin babbar RAM ba ta fara aiki ba, don haka abin da zai ɗauko dole ya shiga 'yar SRAM ɗin da ke cikin ƙwaƙwalwar. Shi ya sa ake raba U-Boot, manhajar tashin da aka fi amfani da ita a irin waɗannan alluna, gida biyu. SPL, ƙaramin, yana saita RAM, sannan ya ɗauko cikakken U-Boot, shi kuma ya loda kanel (zuciyar Linux) da fayil ɗin .dtb mai bayyana kayan da ke kan allon. A yawancin alluna masu ARM 64-bit sai an haɗa da BL31, wani fayil na manhajar tsaro ta Trusted Firmware-A, kafin a gina U-Boot.

A ina ake ajiye U-Boot a katin?

Nan ne aka fi yin kuskure, domin kowane kamfani da tsarinsa. Ƙwaƙwalwar Allwinner tana duba kilobait 8 daga farkon kati:

dd if=u-boot-sunxi-with-spl.bin of=/dev/sdX bs=1024 seek=8

A tabbatar da sunan katin (wanda zai maye gurbin sdX) da umarnin lsblk kafin a danna, don dd ba ya tambaya, zai goge duk abin da aka nuna masa. Kuma kilobait 8 ɗin nan sekta ta 16 ce (kowace sekta bait 512 ce), wadda ta faɗa cikin teburin rabon kati na GPT da ke sekta 2 zuwa 33. Idan aka raba katin da GPT, ɗaya zai taka ɗaya. MBR, tsohon tsarin rabon kati, ya fi sauƙi a nan.

Rockchip kuwa tana son idbloader.img a sekta 64, u-boot.itb a sekta 16384. BeagleBone Black tana karɓar fayil mai suna MLO a ɓangaren FAT, amma idan akwai tsohuwar manhaja a eMMC ita za ta fara tashi, sai an danne maɓallin S2 yayin ba ta wuta.

Raspberry Pi fa?

Ita daban take, na'urar zanenta ce ke fara tashi. Pi 3 tana karanta bootcode.bin daga kati, Pi 4 kuwa tana da nata a EEPROM, wata 'yar ma'ajiya a kan allon, inda saitin BOOT_ORDER ke tsara ko SD za a fara dubawa ko USB. Sauran saiti yana cikin config.txt. Shi kuwa cmdline.txt, mai ɗauke da umarnin da ake miƙa wa kanel, dole ya kasance layi ɗaya tak, in aka karya shi abin da ke layi na biyu ba zai isa kanel ba.

Allo ya yi shiru, ba komai a fuska. Daga ina za a fara?

Daga wayar UART, wadda ke kai rubutun tashin allon zuwa wata kwamfuta, kuma a ganinmu bai kamata a fara aikin nan ba tare da ita ba. A samu adaftar USB mai bolt 3.3, ba 5 ba, a haɗa GND da GND, TX da RX a gicciye. Gudun da aka saba 115200 ne, amma allunan Rockchip da yawa 1500000 suke amfani da shi, in an saɓa sai tarkacen haruffa su cika fuska. A Pi a sa enable_uart=1 a cikin config.txt.

Inda rubutun ya tsaya shi ke nuna matsalar. Ba ko harafi: ROM bai ga SPL ba. An ga SPL ya tsaya: a binciki saitin RAM ko defconfig, fayil ɗin saitin allon da aka zaɓa wajen gina U-Boot. Ya tsaya a "Starting kernel": galibi .dtb ba na allon ba ne, ko console= bai dace ba.

Kanel ya tashi amma ya ce bai ga tushen fayiloli ba?

A duba root= a cikin bootargs, umarnin da U-Boot ke miƙa wa kanel, don lambar mmcblk (sunan da Linux ke ba katin) kan sauya tsakanin SD da eMMC. PARTUUID, lambar shaidar ɓangaren katin, ya fi tabbas. A ƙara rootwait domin kanel ya jira katin ya bayyana. Idan an gyara saitin amma ba a ga canji ba, wataƙila wani tsohon saiti da aka adana da saveenv ne ke rinjaye: a cikin U-Boot a buga env default -a, sannan saveenv.