Kumburin gaba a yara mata

Kumburin gaba lalura ce da fatar bakin farji, wani lokaci har da cikinsa, kan yi ja, ta kumbura, tana ƙaiƙayi ko raɗaɗi. Shi ne matsalar gaba da aka fi kai yara mata asibiti a kanta kafin balaga, musamman 'yan shekara 2 zuwa 7. A gidajen Katsina da Daura akan kira shi ciwon sanyi, a je kemis a sayo wa yarinya irin maganin da uwarta ke sha. Wannan kuskure ne, domin sababinsa a yara ya bambanta da na manya.

Kafin balaga jikin yarinya ba shi da isasshen sinadarin estrojin, wanda jikin mace ke samarwa da yawa daga balaga, don haka fatar wurin siririya ce, ba ta da tsamin da ke kare gaban babbar mace daga ƙwayoyin cuta, ga kuma dubura kusa. Yarinyar da ta fara tsarki da kanta takan jawo hannu daga baya zuwa gaba, sai ta ɗauko ƙwayoyin kashi. Sabulu mai ƙamshi, Dettol a ruwan wanka, kamfai na leda mai matsewa, famfas da ya daɗe a jiƙe, da gumin bazara a watannin Maris zuwa Mayu duk suna tayar da shi. Mafi yawan yara iyakar abin ke nan.

Akwai sababai na musamman. Ƙwayar bakteriya da ke kawo ciwon maƙogwaro kan sauko ta yatsun yarinya. Ƙwayar atini kan sa ruwa mai jini ya riƙa fita daga gaba. Ƙananan fararen tsutsotsin ciki kan fito dubura da dare su yi ƙwai, shi ya sa ƙaiƙayin kan hana barci. Ruwa mai wari da ya ƙi magani yakan nuna wani abu ya maƙale a ciki, kamar guntun tishu ko ɗan dutsen ado. Yaran da ke wanka a tafki ko kusa da madatsun ruwa irin Ajiwa da Zobe ana duba su don tsargiya. Ƙwayar kandida, mai kawo ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri, wadda ta yawaita a manya, ba ta cika kama yarinyar da ta bar famfas ba, sai mai ciwon suga ko wadda ta daɗe tana shan maganin kashe bakteriya.

Farin ruwa marar wari a jaririya sabuwar haihuwa, ko a yarinyar da ta kusa fara al'ada, ba ciwo ba ne.

Maganin farko a gida yake. A zaunar da ita cikin ruwan ɗumi zalla na minti 10 zuwa 15 kullum, a busar da wurin a hankali, a shafa man basilin. A koya mata tsarki daga gaba zuwa baya, a sa mata kamfai na auduga, ta kwana babu shi. Kada a zuba gishiri, alif ko bagaruwa, kuma kada a cusa komai. Yawanci sauƙi kan samu cikin mako biyu zuwa uku.

Idan akwai jini, ruwa mai launin kore, wari, zazzaɓi, rauni, ko zafi wajen fitsari, sai asibiti, kamar Asibitin Turai 'Yar'aduwa na mata da yara, Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Daura. Likita kan duba daga waje, ya ɗebi ruwan da fitsari don awo. Bakteriya akan ba ta amoksisilin ko makamancinsa na kwana 10. Tsutsa kuwa mebendazol ko albendazol, a maimaita bayan mako biyu, a ba duk mutanen gida. Tsargiya maganinta fraziƙwantel.

Idan awo ya nuna cutar da ake ɗauka ta saduwa, kamar gonoriya, wajibi ne a bincika ko an ci zarafin yarinyar. Kunya kan sa iyaye su rufe maganar, amma rufewar tana barin yarinyar a hannun wanda ya cuce ta. Ana tambayarta cikin natsuwa, ba tsawa ba duka, a gaban wanda ta amince da shi.