Waiwaye: Daga ɗan doka zuwa askari, yadda amana ta yi rauni tsakanin Zamfarawa da masu tsaronsu

Har yau akwai tsofaffi a Gusau da Ƙauran Namoda da bakinsu bai daina cewa "ɗan doka" ba idan suna nufin ɗan sanda. A da kuwa mutum biyu ne daban, kuma bambancinsu shi ne tushen gardamar da ake yi yanzu kan wanda ya kamata ya tsare ƙauye.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun tarar da dogarai suna kama mai laifi su kai shi gaban alƙali. Ba su rushe tsarin ba. Daga baya suka ɗinka wa wasu kaki, suka sa su ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, aka kira su 'yan doka. Ƙasashen Anka, Mafara, Gusau da Zurmi duk gundumomi ne a ƙarƙashin En'en Sakkwato a lokacin. Ɗan doka ɗan ƙasa ne, ya san ɓarawon kasuwa, ya san gidan ubansa, sa ba ya ɓata a gunduma ya rasa inda zai fara tambaya. Amma shi ne kuma ke bin mai karɓar haraji da jangali da bulala a hannu, shi aka riƙa turawa ya watsa taron 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a shekarun 1950. Masu kewar wancan zamani sukan tsallake wannan ɓangaren.

Wannan tabon ne ya sa gwamnatin soja, bayan juyin mulkin 1966, ta yanke shawarar narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Najeriya, wadda aka kafa tun 1930. Zuwa farkon shekarun 1970 an gama. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta tarayya. An raba talaka da ɗan sandan da ke jin tsoron hakimi, aka kawo masa wanda ba ya jin tsoron kowa a garin. Kurtu na iya zuwa Ɗansadau daga ko'ina, bai san daji ba, wani lokaci ko Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, kafin ya gane hanya an yi masa canji. Kwamishinan 'yan sanda kuma kunnensa na Abuja. Abin da ya sa ke nan Gwamna Abdul'aziz Yari ya fito a 2018 ya ce ya ajiye sunan babban jami'in tsaron jiha, tun da ba shi da ikon hukunta ko ɗan sanda guda.

A ganina, ba a nan amanar ta fi karyewa ba. A caji ofis ta karye, a kan ƙananan rigingimu. Shanu su shiga gona, a kai ƙara, makiyayi ya sayar da saniya biyu kafin ya fito da ɗansa, alhali an rubuta a bango cewa beli kyauta ne. Manomi kuma a sace masa shanun noma, ya nuna ɓarawon, bayan kwana uku su haɗu a kasuwa. Kowannensu ya koma gida da yaƙinin cewa hukuma ta wancan ce. Da fashi da satar shanu suka yi ƙamari wajen 2011, mutanen gari suka kafa 'yan sa-kai, waɗanda suka riƙa yanke hukunci a bainar kasuwa ba alƙali ba shaida, sau da yawa a kan Fulanin da ba su ji ba su gani ba. Ramuwar gayya ta biyo baya. A watan Afrilun 2014, 'yan bindiga suka afka wa taron 'yan banga a 'Yargaladima, suka kashe mutum fiye da 100.

Kwamitin da tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ƙidaya mata 4,983 da aka kashe wa mazaje da marayu 25,050 daga 2011. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne rahoton ya zargi wasu sarakuna da hakimai da jami'an tsaro da hannu a ciki. Daga nan kalmar "infoma" ta zama ruwan dare. Wanda ya ga 'yan bindiga na taruwa sai ya yi lissafi: in na faɗa, wa zai ji? Ɗan sanda ba ya aiki sai da rahoto, mai rahoto kuwa ba ya buɗe baki sai ya tabbata sirrinsa ba zai riga shi isa daji ba.

Ba a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. Tun 1984 aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, a 2004 aka fara gwajin aikin ɗan sanda na cikin al'umma a Inugu, a 2020 aka yi sabuwar dokar 'yan sanda, aka amince da naira biliyan 13.3 don shirin ɗan sanda na cikin al'umma. A Zamfara kuwa kowace shekara da nata launi. A 2019 Gwamna Bello Matawalle ya shiga sulhu, Kwamishina Usman Nagogo yana zama da ardo-ardo da shugabannin daji, aka haramta 'yan sa-kai. A 2022 gwamnatin nan dai ta ce kowa ya nemi lasisin riƙe bindiga.

A watan Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum 2,645, an ɗebo su daga ƙananan hukumomi 14. An zagayo ke nan an dawo kusa da ɗan doka: ɗan gari, mai kaki, wanda ya san daji kuma jiha ke biyansa. Da yawa sun ba da rayukansu a wannan aiki. Sai dai tsoffin tambayoyin sun biyo su, kuma su ne za su biyo 'yan sandan jiha in an gyara tsarin mulki. Idan askari ya kwace babur ɗin wani ko ya harbi wanda bai yi laifi ba, wane ofis za a kai ƙara a saurara? Yaro daga ruga zai iya shiga sahu a ba shi kaki? Kuma idan zaɓen 2027 ya ƙarato, 'yan adawa a Mafara ko Tsafe za su iya taro askarawa na gadinsu?